Sandar Fatsa Mai Sauƙin Kuɗi Don Kamun Kifi a Lungun Teku: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu son fara fatsa a ruwan gishiri suka fi maimaitawa, musamman waɗanda ke lissafin abin da ke aljihunsu kafin su sayi kaya. Lungun teku da muke nufi shi ne inda teku ya kutso cikin ƙasa, tudu ya kare shi daga manyan igiyoyin ruwa, ruwansa ya fi na tsakiyar teku kwanciya da rashin zurfi. An fara da tambayoyin sabon shiga, sannan aka gangara zuwa na wanda ya riga ya riƙe sanda.

Sandar da nake fatsa da ita a kogi ko tafki, ba za ta yi mini aiki a teku ba?

Za ta kama kifi, wannan ba a musu. Abin tambaya shi ne tsawon lokacin da za ta ɗauka tana kamawa. Lita ɗaya ta ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35. A lungun da kogi ke zubowa gishirin kan ragu, amma abin da ya saura ya isa ya ci ƙarfe. Gangar sandar ba ta tsatsa, domin da kabon ko zaren gilashi aka yi ta. Abin da gishiri ke nema shi ne zobban da zare ke bi ta cikinsu, da mazaunin inji, da injin naɗin zaren kansa. Sandar da aka ƙera don ruwan daɗi sau da yawa ƙarfenta mai rauni ne, don ba a yi tsammanin zai haɗu da gishiri ba.

Abu na biyu ƙarfi ne. A lungun teku akwai iska, akwai jan ruwa lokacin cika da janyewa, don haka dalmar da za ka ɗaura ta fi nauyi, kuma kifin teku ko ƙarami ne yana da gudu. Idan sandarka ta kogi matsakaiciya ce, je da ita ka gwada hannunka kafin ka kashe kuɗi, ka dai wanke ta yadda aka bayyana a amsar da ke kan kulawa. Idan kuwa siririya ce ta ƙananan kifaye, bar ta a gida.

Sanda mai araha za ta iya, ko dole sai na tara kuɗin mai tsada?

Za ta iya, kuma ina faɗin haka ba da shakka ba. Lungun teku ba tsakiyar teku ba ne inda ake kokawa da kifin da ya fi mutum nauyi. Yawancin abin da za ka kama bai wuce kilo 1 zuwa 5 ba. Abin da ƙarin kuɗi ke saya maka abu uku ne: rashin nauyi a hannu, saurin jin taɓin kifi, da ingancin zobba. Biyun farko jin daɗi ne, mutum zai iya haƙura da su. Na ukun shi ne wanda ba a wasa da shi a ruwan gishiri.

Sai dai araha hawa-hawa ce. Akwai sandar da kamfanin kirki ya rage mata ado don ta yi sauƙi, akwai kuma wadda aka yi don kawai a sayar, mai ƙyalli a ido, wadda zobbanta ke yin ja bayan fita biyu ko uku. Ta biyun ita ce mai tsada a gaskiya, tunda za ka sake saye. Shawarata a kan rabon kuɗi: kada ka zuba duka a sanda. Ba inji kaso mafi girma, domin shi ne mai sassa masu motsi da gishiri ke lalatawa, sannan ka ware na zare, ƙugiyoyi, dalma da filaya.

Wane tsawo ya fi dacewa?

Ƙafa 7, wato kusan mita 2.1. Wanda zai sayi sanda ɗaya tak don lungun teku, daga nan ya kamata ya fara. Tana jifa da nisa gwargwado, tana kuma juyuwa a hannu ba tare da ta gajiyar da kafaɗa ba.

Daga nan sai ka duba inda za ka tsaya. Idan daga gaɓa kake jifa, kuma kifin na can bayan ruwa mara zurfi, ƙafa 8 zuwa 9 za ta ƙara maka nisa, ta kuma taimaka wajen ɗaga zare sama da duwatsu. Idan a cikin ƙaramin jirgi ko kwalekwale kake, ƙafa 6 da rabi zuwa 7 ta fi, don wurin ya matse kuma kifin kusa yake. Dogayen sanduna na ƙafa 10 zuwa 12 na masu jifa ne a buɗaɗɗen bakin teku inda igiyar ruwa ke dukan yashi. A lungu nauyi ne kawai za ka ɗora wa kanka.

Mene ne ma'anar rubutun da ke jikin sanda, kusa da mariƙi?

Wannan ɗan rubutun ya fi duk abin da mai talla zai gaya maka amfani. Abu uku yake faɗa. Na farko ƙarfin sandar, wato yawan nauyin da take buƙata kafin ta lanƙwasa: L mara ƙarfi, ML ƙasa da matsakaici, M matsakaici, MH sama da matsakaici, H mai ƙarfi. Na biyu ƙarfin zaren da ya dace da ita, galibi a ma'aunin laba, misali 8–17, wato kusan kilo 4 zuwa 8. Na uku nauyin abin da za ka jefa, a oza ko giram, misali 1/4–3/4 na oza, wanda ya yi daidai da giram 7 zuwa 21.

Don lungun teku, M mai ɗaukar zaren laba 8–17 ko 10–20 ita ce tsakiyar hanya. Idan wurinku na da jan ruwa mai ƙarfi har sai ka sa dalmar giram 30 ko fiye kafin koto ya zauna a ƙasa, ko kana fatsa kusa da ginshiƙan gada inda dole ka fizgo kifi kafin ya shige, ɗauki MH. Ka fi ba lambobin muhimmanci a kan harafin, domin M ta wani kamfani kan yi daidai da MH ta wani. Kuma nauyin jifar ya haɗa da dalma da koto gaba ɗaya, ba dalma ita kaɗai ba. Mutane da yawa sukan manta da wannan, su ɗora wa sanda abin da ya fi ƙarfinta, kamar yadda za ka gani a amsar da ke kan karyewa.

Na ga an rubuta Fast ko Moderate. Wannan daban yake da ƙarfi?

Daban yake. Ƙarfi na nuna nauyin da ke lanƙwasa sanda, wannan kuwa na nuna wurin da take lanƙwasawa. Mai Fast daga kanta kawai take rusunawa, kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku na sama, sauran jikin na tsaye. Mai Moderate tana lanƙwasawa har zuwa tsakiya. Ta farkon ta fi isar da taɓin kifi zuwa hannu, ta fi kuma saurin soka ƙugiya, shi ya sa masu amfani da koton roba ke son ta. Ta biyun ta fi tausayin ɗanyen koto, ba ta fizge jatan lande ko yankan kifi daga ƙugiya lokacin jifa, kuma idan kifi ya yi girgiza kusa da kai tana shanye fizgar, ƙugiya ba ta yage bakinsa. Wanda bai tsai da shawarar irin koton da zai riƙa amfani da shi ba, ya nemi wadda ke tsakanin biyun.

Kabon ko zaren gilashi?

Sandar zaren gilashi tana da nauyi, tana da taushi, ba ta cika isar da ƙaramin taɓi ba, amma tana jure wahala. Ta faɗi a kan dutse, ka ɗauka ka ci gaba. Ta kabon ba ta da nauyi, kuma ko koto ya goga yashi za ka ji a tafin hannunka, sai dai ba ta yafe duka. Ɗan bugu a gefen jirgi zai iya yi mata tsagar da ido ba ya gani, sai ranar da kifi ya ja ta karye a daidai wurin.

Ga mai ƙaramin ƙarfi da sabon shiga, na fi karkata ga wadda aka haɗa biyun. Sanannen misali shi ne Ugly Stik, wadda kamfanin Shakespeare na Amurka ya fito da ita a 1976: kabon a ciki, zaren gilashi a waje, kanta kuma gilashi ne zalla. Ba ita ce mafi sauƙin ɗauka ba, amma sunan da ta yi a kan juriya ya sa har yau ake ƙera ta. Idan kuwa ka san cewa yini za ka yi kana jifa da koton roba kana jawowa, nauyi zai dame ka, don haka kabon ya fi maka, da sharaɗin za ka lallaɓa shi.

IM6, IM7, IM8, ko tan 24 da tan 30 da ake rubutawa fa?

Suna nuni ne da taurin zaren kabon da aka yi amfani da shi. Lamba mafi girma na nufin kabon mafi tauri, wanda ke ba da damar a yi sanda siririya mara nauyi, amma kuma mai saurin karyewa idan ta bugu. Matsalar ita ce kamfanoni ba su bin ma'auni ɗaya wajen rubuta waɗannan lambobi, kuma ingancin sanda ya dogara da ƙaron da aka haɗa zaren da shi da yadda aka naɗe shi. Kada ka ƙara kuɗi don lamba kawai. IM6 ko tan 24 daga hannun kamfani mai aminci ya wadatar a lungun teku.

Ka ce zobba ba a wasa da su. Me zan duba a jikinsu?

A nan sanda mai araha ke tsira ko ta mutu. Kowane zobe sassa biyu ne: firam na ƙarfe da aka ɗaure a jikin sanda, da ɗan ƙawanyen tangaran da ke ciki wanda zare ke gogawa. Firam ɗin ya zama na sitenlas. Idan ka ga an rubuta 316, ka samu mai kyau, domin wannan nau'in na ɗauke da sinadarin molibdenam da ke ƙara masa juriyar gishiri fiye da nau'in 304. Na taitaniyam ba ya tsatsa, amma ba za ka same shi a sanda mai sauƙin kuɗi ba, kuma ba ka buƙatarsa. Abin gudu shi ne ƙarfe na kawai da aka shafa wa baƙin fenti ko ƙyalli. Da zarar shafen ya ɗan kwarzane, gishiri ya samu ƙofa.

Ka lura da yadda lalacewar ke farawa. Ba a tsakiyar zoben take soma ba, a ƙafarsa ne, daidai inda ya shige ƙarƙashin zaren ɗauri da ƙaron da aka rufe shi da shi. Da farko za ka ga ɗan layi ruwan ƙasa siriri a bakin ƙaron, kamar an ɗiga shayi. Bayan wasu makonni ƙaron zai ɗan tsage, domin tsatsar da ke ƙarƙashi tana kumbura. Ranar da ka ja babban kifi, zoben ya ɓalle daga tushe. Shi ya sa idan kana duba sabuwar sanda, ka tabbata ƙaron ya rufe ƙafar kowane zobe ruf, babu rami, babu kumfar iska.

Ɗan tangaran na ciki kuwa, na alminiyam oksaid ya isa, shi ne aka fi samu a sanduna masu sauƙi, kuma yana jure zare kitsattse. Na silikon kabaid ya fi santsi da tauri, ya fi tsada. Idan sanda na ɗauke da zobban Fuji, kamfanin Japan da ya shahara a wannan sana'a, masu ita za su rubuta da manyan baƙaƙe, kuma alama ce mai kyau. Akwai kuma zobban sitenlas zalla marasa tangaran: babu abin da zai faɗo daga cikinsu, sai dai ba su kai tangaran santsi ba. Ƙirga su ma. Ƙa'idar da maƙeran sanda ke bi ita ce kusan zobe ɗaya ga kowace ƙafa, ban da na kai. Sandar ƙafa 7 mai zobba huɗu ko biyar an yi mata rowa, zare zai riƙa jan ta ta ƴan wurare maimakon nauyin ya bazu.

Mariƙi da mazaunin inji fa, suna da wani tasiri?

Mazaunin inji na roba mai tauri, wanda ake haɗawa da garin kabon, ya fi na ƙarfe mai araha a ruwan gishiri, tunda babu abin da zai yi tsatsa sai ƴan hulunan da ke kama ƙafar inji. Ɗaura inji ka murɗa, ka girgiza. Idan yana motsi tun yana sabo, ba zai daina ba. Mariƙi kuma ko na ɓawon kok ko na soson roba da ake kira EVA. Kok mai kyau yana da daɗin riƙo, amma a sanda mai araha yawanci mai ramuka ne da aka cike da ƙullu, ruwa na taɓa shi cikon ya zube. Soson ya fi sauƙin wankewa daga ƙarnin kifi, ya fi kuma daɗewa. A wannan farashin, soso nake zaɓa.

Wane irin inji: mai rataye a ƙasa ko mai zama a saman sanda?

Mai rataye a ƙasa, wanda zare ke zubowa daga kwarkwaron da ba ya juyawa. Ana koyonsa cikin yini ɗaya, yana jefa koto mara nauyi, kuma iska ba ta rikita shi sosai. Mai zama a sama kwarkwaronsa juyawa yake lokacin jifa, idan ba ka iya danne shi da babban yatsa ba sai zare ya cukurkuɗe, balle idan kana jifa cikin iska, wadda ba ta rabuwa da bakin teku. Ka sani kuma sandunan ma daban suke. Ta injin ƙasa zobenta na farko babba ne, ta injin sama zobbanta ƙanana ne kuma tana da ɗan ƙugiyar yatsa a mariƙi. Kada ka sayi inji na wannan da sanda ta wancan.

In sayi haɗin sanda da inji tare, ko kowanne daban?

Haɗin ya fi sauƙin kuɗi, kuma an riga an daidaita nauyinsu. Idan daga sanannen kamfani ne kuma an rubuta cewa na ruwan gishiri ne, ba laifi ka fara da shi. Rauninsa shi ne a haɗi mafi araha, injin ne aka fi yi wa ƙwange. Wanda zai iya ɗan ƙarawa, ya sayi sanda mai sauƙi da inji mai ɗan dama-dama, domin inji mai kyau zai ga bayan sanduna biyu ko uku.

Girman injin da ya dace da sandar ƙafa 7 shi ne mai lamba 2500 zuwa 4000, kuma 3000 ya fi shiga ko'ina, ko da yake lambobin kan ɗan bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Kada yawan boris, wato ƴan ƙwallayen ƙarfen da sassan inji ke juyawa a kansu, ya ruɗe ka. Huɗu ko biyar na sitenlas masu murfi sun fi goma sha biyu na banza. Abin gwadawa shi ne birki, wato abin da ke riƙe zare a inji yana sakinsa kaɗan-kaɗan idan kifi ya ja da ƙarfi: ja zare da hannu, ka ji ko yana fita sumul ko yana tsayawa yana fizga. Birkin da ke fizga shi ke tsinka zare.

Guda ɗaya, mai rabi biyu, ko mai shigewa cikin juna?

A da masu rabi biyu suna da rauni a mahaɗa, amma na yanzu sun inganta har yawancin mutane ba za su ji bambanci ba. Idan ba ka da hanyar ɗaukar abu mai tsawon mita 2 cikin kwanciyar hankali, sayi mai rabi biyu, domin sanduna da yawa a ƙofar mota da ƙofar ɗaki suke karyewa, ba a bakin kifi ba. Mai shigewa cikin juna kuwa ba na ba da shawararta sai ga matafiyi. Mahaɗanta da yawa, yashi da gishiri na maƙalewa a ciki, zobbanta kuma kan karkace.

Wane zare zan sa?

Zaren nailan ya fi araha, ya fi sauƙin ƙulli, kuma miƙuwarsa na rufa wa sabon shiga asiri idan ya ja da ƙarfi. Laba 12 zuwa 15 ya yi. Zare kitsattse ya fi shi siranta nesa ba kusa ba a ƙarfi ɗaya, kusan ba ya miƙuwa, don haka yana ƙara nisan jifa da jin taɓi. Wannan shi ne sirrin mai sanda mai araha: kitsattsen zare na laba 10 zuwa 20 zai mayar maka da kaso mai yawa na jin da ka rasa saboda ba ka sayi kabon mai tsada ba.

Sharaɗinsa biyu. Ka fara naɗa ɗan nailan a kwarkwaro don kada kitsattsen ya riƙa zamewa. Sannan ka ƙulla masa ɗan zaren gaba na fulorokabon (wani zare mai kama da nailan) ko nailan mai kauri, laba 20 zuwa 30, tsawon santimita 60 zuwa mita 1, domin kitsattse ba ya jure gogar dutse da ɓawon kawa. Inda ake samun barakuda da sauran masu kaifin haƙori, sai an ƙara ƴar waya. Birki kuma a saita shi a kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren.

Idan sandar na hannuna kafin in biya, yaya zan gwada ta?

Haɗa ta, ka ɗaga ta saitin idonka, ka leƙa ta cikin zobba daga gindi zuwa kai. Su kasance a layi ɗaya. Ɗora kanta a ƙasa mai laushi ka danna a hankali, ka ga inda take lanƙwasawa, kana sauraron ko za ka ji ƙaras-ƙaras, wanda alama ce ta zobe ko mazaunin da bai zauna ba. Kada ka kama kan da yatsu ka lanƙwasa shi, haka ake karya sabuwar sanda. Daga nan ɗaura injin da za ka yi amfani da shi, ka ɗora sandar a kan yatsa ɗaya a gaban inji kaɗan. Idan kai ya rinjaya ƙasa sosai, wuyan hannunka ne zai biya bashin bayan awa biyu.

Idan ta intanet kake saye, karanta lambobin da aka yi bayani a sama maimakon kallon hoto, ka tabbata akwai damar mayarwa, kuma ranar da ta iso ka yi mata duk wannan gwajin kafin ka jefar da kwalinta.

Sayen ta hannu fa?

Hanya ce mai kyau ta samun sanda mai daraja da kuɗi kaɗan, in ka iya dubawa. Tafi da ɗan auduga. Zura shi cikin kowane zobe ka juya. Idan tangaran ya tsage ko zare ya yi masa kwari, zaren auduga zai maƙale, ko da idonka bai ga komai ba. Irin wannan zobe shi ke gatsa zare a hankali har ya tsinke. Duba ƙafafun zobba don layin tsatsar da aka ambata, bi gangar da farce ko za ka ji tsaga, sannan ka auna tsawonta ka gwada da abin da aka rubuta. Idan ta gaza da inci biyu ko uku, kanta ya taɓa karyewa aka sake mata zobe. Za ta yi aiki, amma ta ƙara tauri, kuma kuɗinta ya kamata ya sauka. Tsagar da ke jikin ganga kuwa, ko kyauta ce kada ka dogara da ita.

Wane kamfani zan amince da shi?

Penn, wanda Otto Henze ya kafa a Filadelfiya a 1932, tun asali a kan kayan ruwan gishiri ya yi suna. Shimano da Daiwa na Japan, Okuma na Taiwan, da Ugly Stik da aka ambata, duk suna da sanduna da injuna a matakin ƙasa da suka dace da lungun teku. Amfanin sanannen suna ba alfahari ba ne, shi ne samun kayan gyara da garanti. Amma kowannensu na da na ruwan daɗi da na gishiri, don haka karanta abin da aka rubuta a kan samfurin da kansa. Ka yi hattara da jabu ma, musamman idan farashin ya yi ƙasa fiye da hankali.

Yaya zan kula da ita don ta daɗe?

Duk ranar da ta taɓa ruwan gishiri, a wanke ta a ranar, ko da ka gaji. Ruwan daɗi, a hankali, ba da ƙarfin feshi ba, domin feshi mai ƙarfi tura gishiri yake cikin inji. Ƙara matse birki kafin ka yayyafa wa inji ruwa don kada ya shiga, kada ka tsoma shi cikin bokiti, ka goge, sannan bayan ya bushe ka sassauta birkin kafin ajiya. Bi ƙafafun zobba da tsohon buroshin haƙori. Raba mai rabi biyu, don kada gishiri ya liƙe mahaɗar.

Lokaci-lokaci cire inji daga mazauninsa. Za ka iya tarar da farin gari a ƙafarsa: alminiyam ne ke ciwuwa, domin idan ya haɗu da wani ƙarfe ko kabon a cikin ruwan gishiri, shi ne ke narkewa. Goge, ka shafa ɗan mai kaɗan. Ka ajiye sanda a inuwa, a tsaye sak ko a kwance bisa matokara, ba a jingine a lanƙwashe ba. Kuma kada ka maƙala ƙugiya a cikin tangaran zobe, a firam ko a ɗan maratayin da ke kusa da mariƙi ake sa ta. Sanda mai araha da ke samun wannan kulawa za ta fi mai tsadar da aka yi sakaci da ita daɗewa.

Me ke karya sanda, kuma idan kanta ya karye ta tashi aiki ke nan?

Babban dalili shi ne ɗaga ta tsaye sak lokacin da kifi ya zo ƙarƙashin ƙafarka. A wannan yanayi nauyin duka na komawa kan siririn kai, gindin da ke da ƙarfi ba ya taimakawa. Riƙe ta a karkace, kada kusurwar da ke tsakaninta da zare ta matse, kuma ka ɗauko kifi da ragar hannu maimakon ka ɗaga shi sama da sanda. Sai jifa da nauyin da ya wuce abin da aka rubuta, sai kuma fizgar ƙugiyar da ta maƙale a dutse. Idan ta maƙale, miƙe sandar saitin zaren, ka riƙe kwarkwaro, ka ja da baya a hankali, fuskarka a kauce don dalma kan dawo da gudu. Kada ka naɗa kitsattsen zare a yatsa, yanka yake.

Idan inci ɗaya ko biyu na kai ne ya tafi, gyaran mai sauƙi ne. Ana sayar da zobban kai masu girma daban-daban, da ƙaron da ake narkarwa da wuta. Daidaita wurin karayar, narkar da ƙaron, zura sabon zoben, ka saita shi da sauran kafin ya huce. Karaya a tsakiya kuwa, a sanda mai araha, gyaranta bai cika biyan wahalarsa ba, sai dai in mai rabi biyu ce kuma kamfanin na sayar da rabin sama.

Akwai wani haɗari da ya shafi sandar kanta?

Akwai, kuma da yawa ba su sani ba. Kabon yana ɗaukar wutar lantarki. Idan hadari ya taso ka fara jin tsawa, kwantar da sanda ka bar bakin ruwa nan take, domin a fili kamar lungun teku kai da sandarka ne abu mafi tsawo. Haka kuma ka ɗaga kai ka duba wayoyin wuta kafin ka yi jifa daga kan gada ko kusa da tashar jiragen ruwa. Ka san lokacin cikar ruwa a wurin da za ka tsaya, don tudun yashin da ka taka da safe zai iya nutsewa kafin azahar. Ƙasashe da yawa kuma suna buƙatar lasisin fatsa, suna da doka kan girman kifin da za a ɗauka da lokutan da aka hana kamu, don haka ka tambayi hukumar da ke kula da kamun kifi a inda kake kafin ka fita.